Sunan Da Indo Ba Ta Kama Ba

Idan ka sauka daga jirgin ruwa a Staten Island ka hau bas zuwa Tompkinsville, ka ce kana neman Indo, babu wanda zai gane wadda kake nufi. Ka ce Maman Faruƙ, nan take mai shagon busasshen kifi zai nuna maka benen, har ya gaya maka ko tana gida ko ta tafi aiki. Abin da baƙo ba zai sani ba shi ne, Faruƙ ba shi ne babban ɗanta ba. Akwai yayarsa Firdausi, wadda ta girme shi da shekara huɗu. Farkon zuwan Indo garin nan matan unguwa sun gwada kiranta Maman Firdausi, kamar yadda ake yi wa kowa, ta yi kunnen uwar shegu da su har suka gaji. Sai da ta haifi na biyu sannan ta samu sunan da za ta amsa.

'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Kazaure, inda har gobe mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi a gabanta ma sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Kunya ke nan, kuma da ita ake gane 'yar mutunci. Ita kanta Indo 'yar fari ce, ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba, amma hakan bai taɓa damunta ba, don tana da kaka. Kakar ce ke goya ta, ta yi mata kirari, ta ɓoye mata ƙwan zabi a cikin ƙwarya. Haka al'adar take tafiya: uwa ta yi shiru, kaka da gwaggo su yi surutun a madadinta. To, mijinta Ado ya ci cacar biza, ya zo ya kama tuƙin tasi, ya aika da takardu, Indo ta hau jirgi da 'yar shekara biyu a goye. Shirun ya biyo ta har New York. Kakar kuwa tana can Kazaure, ba wanda ya ba ta biza.

Don haka Firdausi ta tashi tana amsa "ke" da "yarinyar nan". Kada wani ya ɗauka ba a son ta. Tsokar da ta fi kyau a tukunya a kwanonta take sauka, kamar da kuskure. In sanyi ya kawo kai rigarta ake fara saya kafin ta kowa, Indo kuwa ta sake shekara da tsohuwar tata mai yagaggen aljihu. Amma yaro ba ya gane so a cikin tsokar nama, balle yarinyar da kullum take ganin iyayen 'yan ajinsu suna rungume 'ya'yansu a bakin makaranta, suna kiran su da sunaye har da na shagwaɓa. Indo tana ganin yadda 'yarta ke tsayawa tana kallonsu, sai ta ce a ranta in ta girma za ta gane. A kan wannan maganar ta jingina, shekara da shekaru.

Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu: wanka, girki, ba da magani, da sauraron labarin da aka ba ka jiya aka ba ka shekaranjiya. Turancinta na aiki ne, ya isa ta yi faɗa da direban bas, bai isa ta yi wa hukuma jawabi ba. Shekarun farko ba ta san komai game da firamaren unguwarsu ba sai ƙofar gefe, wadda ke kallon wurin tara shara, inda take sauke yarinyar da safe ta ruga ta kama bas. Ita a zatonta ƙofar makarantar ke nan.

Firdausi tana aji huɗu aka kira Indo a waya, wai zazzaɓi ya rufe ta. Ta taho a gigice ta wani titin da ba ta saba bi ba, ta ga babbar ƙofa mai matakala da tukwanen furanni, ta faɗa ciki ta haye bene. Abin da ta gani a saman nan, har yau in tana ba da labarinsa sai muryarta ta canza. Ɗakuna masu haske, darduma a ƙasa, littattafai har rufi, yara suna koyon goge irin na Turawa. Kuma yaran kusan duk farare ne, 'ya'yan masu manyan gidajen kan tudu. Tana leƙa azuzuwa tana neman baƙar fuska guda da za ta tambaya, sai mai gadi ya iske ta. Baƙi ne kamar ta, kuma da ladabi ya yi mata magana, ya ce Madam kin yi ɓatan kai, naku a ƙasa suke. Bai tambayi sunan ɗanta ba, bai tambayi ajinsu ba. Fuskarta ya kalla ya san inda za ta.

A ƙasan ta tarar da 'yarta kwance a kan benci, a wani aji da ke jikin ɗakin injin ɗumama gini, tagoginsa can sama dab da rufi, ba abin da ake hangowa sai takalman masu wucewa. Yara cunkus, baƙaƙe da 'yan Meksiko, malama ɗaya tana fama. A hanyar gida yarinyar ta yi mata bayani da Turanci, ba tare da wani ɓacin rai ba, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Indo rai. Makaranta ɗaya ce, in ji ta, amma na sama haziƙai ne, an yi musu jarrabawa tun suna shekara huɗu. Ƙofarsu daban, lokacin cin abincinsu daban, ko a filin wasa ba a haɗa su. Ta ce, "Mu ba mu da ƙwaƙwalwa irin tasu, Mama, shi ya sa." Yarinyar da tun tana shekara bakwai take karanta wa ubanta takardun inshorar mota ce ke faɗin haka. Ba wanda ya taɓa gaya wa Indo akwai wata jarrabawa. Lokacin da ake yin ta, ita tana koyon yadda ake biyan kuɗin bas. Ta so ta tsuguna a titin nan ta riƙe fuskar yarinyar ta ce mata ƙarya ne. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Ke, ja hularki, iska na kaɗawa."

A lokacin tana kula da wata tsohuwa Baƙar Amurka a Port Richmond, Mis Loretta, wadda ciwon suga ya cinye wa ƙafa ɗaya amma bai taɓa mata baki ba. Washegari Indo tana shafa mata mai ta ba ta labarin, tana tsammanin tsohuwar za ta yi mamaki. Dariya ta yi, irin wadda ba daɗi a cikinta. Ta ce a shekarar sittin da huɗu, tana da ƙuruciya da 'ya'ya biyu a Brooklyn, tana cikin iyaye matan da suka hana 'ya'yansu zuwa makaranta wuni guda saboda wannan maganar dai, ta ware baƙaƙen yara gefe. Mata ne suka bi gida-gida cikin sanyi suna ƙwanƙwasa ƙofa, mata ne suka shafa wa burodi markaɗaɗɗiyar gyaɗa don yaran da za su wuni a coci, da gari ya waye kuma hotunan maza ne a jarida.

"A Kudancin ƙasar nan inda aka haife ni, allo suke kafawa su rubuta baƙi ba ya shiga," in ji ta. "A nan jarrabawa suke kafawa. Ni na fi son allon. Ko ba komai ba ya sa yaro ya zargi kansa."

Sannan ta ja mata kunne da cewa kada ta kuskura ta je ita kaɗai. Mace ɗaya in ta je mahaukaciya za su ce, mata hamsin kuwa ƙuri'a za su gani.

Indo ba ta san siyasa ba, amma ta san inda mata suke: gidan suna, walima, shagon kitso, wurin injinan wanki ranar Lahadi. Ta fara da Sherifa, 'yar Zangon Kumasi mai shagon kitso, wadda ke ce wa kowa "kai", mace ko namiji, kuma ba ta iya magana a hankali ba. Sherifa ta ji labarin ta ajiye tsinken kitso ta ce, "Indo, kai ka makara ma. Mu tashi." Shagon ya koma ofis. Mace ba ta iya gudu in an kitse mata rabin kai rabi na tsefe, don haka duk wadda ta zauna sai ta ji bayanin bene da ƙasa har ƙarshe. Daga nan maganar ta shiga matan Laberiya, ta shiga 'yan Meksiko, har da wasu fararen mata biyu na kan tudu da abin ya daɗe yana damunsu. Abin da suke nema ba shi da yawa. A yi ƙofa ɗaya, yara su ci abinci tare, a buɗe azuzuwan sama ga duk yaron da malaminsa ya ga zai iya.

Mazan kuwa, Allah ya ƙara musu lafiya, sun ba da gudummawar da suka saba bayarwa, wato shawara. Alhaji Mukhtari, shugaban ƙungiyar 'yan Arewa ta tsibirin, ya ja Ado gefe bayan Juma'a ya ce ya yi wa iyalinsa magana. Mu baƙi ne, in ji shi, wariyar launin fata rigimar Baƙaƙen Amurka ce da Turawansu, tun kafin a haifi kakanninmu suke yin ta, mu nema muka zo; ga kuma mutanenmu da takardunsu ba su cika ba, kada a jawo musu ido. Ado mutum ne mai sanyi, ya kawo saƙon gida yadda aka ba shi. Indo tana tuƙa tuwo ta ce ya koma ya tambayi Alhaji ko mai gadin nan ya nemi ganin fasfonta kafin ya nuna mata ƙasa. Ado bai kai wannan saƙon ba, amma bai sake cewa kada ta fita ba.

Shekara huɗu aka yi ana abu ɗaya. A sa mitin, a ɗage sai wata mai zuwa. Shugabar makaranta ta ce ba daga ita ba ne, ofis ya ce ana dubawa. Iyayen 'yan bene su miƙe su ce ai ba maganar fata ba ce, maganar hazaƙa ce, sai ka ce Allah da ya tashi rabon ƙwaƙwalwa a kan tudu kaɗai ya tsaya. Matan su koma su tsaya a bakin babbar ƙofa da kwalayen zanga-zanga cikin dusar ƙanƙara, yatsu su ƙage. Duk yammar da Indo ta fita kuma, wa ke riƙe gida? Firdausi. Ita ke ɗauko Faruƙ da autarsu Ilham, ta ɗumama miya, ta duba musu aikin makaranta. Ta gama firamare a ƙasan da ta fara, ta wuce makarantar gaba wadda ita ma ta yaran ƙasan ce, don daga bene ake ɗibar masu zuwa makarantu masu kyau. Wato abin da uwar ke yaƙi a kai ya riga ya wuce ta. Tana jin uwarta a waya tana kiran sunayen 'ya'yan mutane, Abdul-Razak ɗin Sherifa da aka ce ba ya ganewa alhali allo ne ba ya hangowa, Akosua da ke kuka kullum da safe, tana faɗa da zafi kamar ita ta haife su. Ita kuwa sai dai "ke, an yi salla?" Wata rana ta tambayi uwar kai tsaye, don wa take wannan wahalar. Indo ta ce don yaran unguwa. Amsar da 'yar mutunci za ta bayar ke nan, kuma da idonta ta ga lokacin da fuskar yarinyar ta canza.

Daga ƙarshe kwamitin ilimi na yankin ya sa ranar sauraron jama'a, matan suka ce Indo ce za ta yi magana. Da Hausa za ta yi, Firdausi mai shekara goma sha uku ta fassara, don ba wanda ya kai ta iya harsunan biyu. Mis Loretta, da jikinta ya riga ya yi nisa, ta riƙe hannun Indo ta ce mutanen nan ba sa jin kalmar "yara", kunnensu ya saba da ita. Suna ɗaya suke ji, da fuska ɗaya. "Ki nuna musu 'yarki. Ki faɗi sunanta da ƙarfi, ita ma ta ji." Indo ta yi ƙoƙarin yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta ce su dai an hana su abubuwa da yawa a ƙasar nan, amma ba ta taɓa jin wanda ya hana kansa sunan ɗansa ba.

Indo ta ɗauki maganar. Ta yi niyya, Allah ya sani ta yi. Ta riƙa gwadawa a cikin bas, da kuma a banɗakin Mis Loretta in ta kunna famfo, da farko leɓe kawai ba murya, daga baya da murya ƙasa-ƙasa. Sunan yana fita, da nauyi amma yana fita. Har ta tsara yadda za ta ce: wannan da ke tsaye kusa da ni 'yata ce ta fari, saboda ita na fara.

Ranar, ɗakin taron makarantar ya cika. Abin da ba ta yi tsammani ba shi ne maza. Labari ya iso musu cewa kansila zai zo da 'yan jarida, sai ga Alhaji Mukhtari da jama'arsa cikin manyan riguna sun cika layin gaba, ƙamshin turare har bakin ƙofa. A bayansu matan gida ne, har da tsofaffin da suka zo ganin jikoki daga Kano da Maraɗi. Duk idon da Indo ta taso tana jin kunyarsa ya hau jirgi ya zo ya zauna a gabanta.

Ta yi magana, kuma ta burge. Duk wanda ya je ya shaida. Ba takarda a hannunta. Ta ba da labarin ƙofa biyu, da mai gadi, da tagar da ake hango takalma. Ta kira yaran ƙasa da sunayensu, na Sherifa, na 'yan Laberiya, na 'yan Meksiko da harshenta ke karyawa, kowanne da abin da aka yi masa. Firdausi tana gefenta da makirufo na biyu tana juyawa zuwa Turanci, muryarta a tsaye, tana jiran a zo kan nata sunan. Sai wata daga cikin 'yan kwamitin, Baturiya mai furfura, ta sunkuyo da fara'a ta tambaya ko ita Madam tana da ɗa a cikin waɗanda abin ya shafa. Wannan yarinyar mai fassara fa, wace ce?

Firdausi ta juya tambayar zuwa Hausa tana kallon uwarta. Ga dama ta zo wa Indo har gida. Ta buɗe baki, ta hango Alhaji Mukhtari, ta hango wata tsohuwa 'yar garinsu ta dafe haɓa tana jira, sai harshen ya koma kan abin da ya saba. Ta ce akwai Faruƙ da Ilham, suna ƙasa yanzu haka. Sannan ta nuna mai fassarar.

"Wannan kuwa yarinyar gidanmu ce."

Tsofaffin suka gyaɗa kai, an yi abin da ya dace. Firdausi kuma aikinta fassara ne, ta yi aikinta. Ta matso da makirufo ta gaya wa ɗaki cike da mutane, da tsofaffin malamanta a ciki, da Turanci mai kyau: "Ta ce 'ya'yanta Faruƙ da Ilham ne. Ni wata yarinya ce da ke gidansu." Baturiyar ta yi mata murmushin tausayi, ta gode mata da taimakon da take yi wa iyalin.

An ci nasara, in nasara ce. Shekara na zagayowa aka rufe ƙofar gefe, aka haɗa cin abinci, daga baya aka fara hawa da yaran ƙasa sama. Ilham a bene ta gama, har da gogenta. Hoton da ya fito a jarida na Alhaji Mukhtari ne yana musabaha da kansila, an rubuta a ƙasa wai shugaban al'umma da ya jagoranci iyaye. In ka duba da kyau, a gefen hoton akwai bakin mayafi ruwan toka, na Indo ne. Ƙungiya ta shirya walima ta ba Alhaji lambar yabo, matan da suka yi shekara huɗu a cikin ƙanƙara su suka dafa shinkafar. Sherifa ta yi ta zage-zage a kicin har ta ƙone hannu. Da aka kai wa Mis Loretta jaridar ta duba, ta ce ai su sun ci gaba tunda an sa bakin mayafi, ita ko wannan ba ta samu ba. Ba ta daɗe bayan nan ba ta rasu.

Indo ba hoton ne ya dame ta ba. Tun daga ranar taron Firdausi ba ta sake yi mata Hausa ba. Ba faɗa, ba rashin kunya. In an yi mata magana ta amsa da Turanci, gajere, kamar ma'aikaciyar banki. Ado ya ce ƙuruciya ce. Indo ta san ba ita ba ce, kuma ta san maganin, kalma ɗaya ce tak. Amma kullum sai ta ce bari yarinyar ta huce, bari ta gama jarrabawa, bari a yi salla. Abin da ya yi mata nauyi yarinyar tana sha uku bai ragu ba tana sha shida. Tana cika sha takwas ta samu jami'a a Buffalo, can ƙarshen jihar, ta karanta koyarwa, ta kama aiki a can. Takan kira ubanta. In Indo ta karɓi wayar, sai a gaisa a tambayi sanyi.

Abin haushin shi ne Indo ba ta ganin ta yi laifi, kuma ba ta ganin yarinyar ta yi. Ta yi abin da uwarta ta yi, wadda ita ma ta yi abin da tata uwar ta yi, kuma ba wadda 'yarta ta guje ta. Ita ce kawai ta yi shi a garin da ba kaka. Ta iya tsayawa gaban hukuma ta ce musu sun yi zalunci, ta sa an rufe ƙofar da aka gina tun kafin a haife ta, amma ta kasa furta sunan da aka raɗa da yardarta, kuma wannan baƙin cikin shi take kwana da shi take tashi. Har yau tana aikin tsofaffi, gwiwa ta fara ba ta matsala, matan unguwa kuma in makaranta ta zo musu da abin da ba su gane ba, wurinta suke kawowa.

Bara makarantar ta shirya bikin cika shekara goma da haɗe ƙofofin. Sabuwar shugabar baƙar mace ce, ta ce a wannan karon mata za a karrama, za a kuma sa wa ɗakin karatu sunan Mis Loretta. Aka nemi tsohuwar ɗaliba da za ta yi jawabi, Sherifa ta nemo lambar Firdausi ta matsa mata har ta yarda. Indo ta yi kwana biyu tana haɗa dambun nama, abin da yarinyar ke so tun tana ƙarama, ta cika roba.

Firdausi ta zo kai tsaye daga filin jirgi, doguwa, da mayafinta da jakar baya, ta gaishe da kowa da ladabi. Ta hau dandamali ta yi magana da Turanci. Sannan ta yi abin da Indo ba ta zata ba: ta maimaita da Hausa saboda iyaye mata, Hausar da uwar ta yi shekaru ba ta ji ba, ga ta nan garau. Ta ce ana ba da tarihin yaƙi da wariya da sunayen maza, yau ita na mata za ta faɗa. Ta fara da Mis Loretta. Ta kira Sherifa, ɗaki ya ɗauki tafi da guɗa. Ta kira matan Laberiya, ta kira 'yan Meksiko ba ta karya sunan ko ɗaya ba, ta kira har fararen nan biyu na kan tudu, kowacce ta miƙe aka tafa mata. Indo tana zaune a layi na biyu da robar dambu a cinya, ta gyara mayafi. Firdausi ta dube ta ido cikin ido, ba alamar fushi a fuskarta.

"Sai kuma wata mata a gidanmu," ta ce. "Ita ma ta yi ƙoƙari."

Ta sauka. Turawan suka duba hagu da dama suna neman wadda za ta miƙe, ba wadda ta miƙe, aka wuce abu na gaba. Matan gida kuwa daɗi ya kashe su. Wata Hajiya ta juyo ta kama hannun Indo ta ce madalla da tarbiyya, yarinya ta tashi a Amurka amma ta san ba a kama sunan uwa a bainar jama'a. Wallahi Maman Faruƙ kin yi dace, da namu ne da tuni sun kira mu gatsal. Aka yi ta yi mata barka, ita kuma ta yi ta amsawa da alhamdu lillahi. A duk ɗakin nan mutum biyu ne suka san ba kunya ba ce.

Da aka tashi Firdausi ta ce jirginta na yamma ne, ba za ta biya gida ba. Ta rungumi Ilham, ta gaishe da ubanta, ta rusuna wa uwarta kamar yadda ake rusuna wa kowace babba, ta fita ta babbar ƙofa, wadda yanzu ita kaɗai ce. Indo ta bi ta da robar, gwiwa na hana ta sauri a matakala. Yarinyar ta riga ta kai bakin titi, ga bas ta taho.

"Ke," in ji Indo. Ba ta juyo ba. "Ke, ga dambu."

Ta ji, tazarar ba ta kai a ce ba a ji ba. Ƙofar bas ta buɗe amma ba ta shiga ba, ta tsaya ta ba uwar baya, tana jira, kuma Indo ta san abin da take jira. Mata sun fara fitowa suna tsaitsaye a matakala a bayanta, Hajiyar nan na cikinsu. Direba ya yi magana, Firdausi ta shiga. Sai da bas ɗin ta sha kwana sannan sunan ya fito, a hankali, cikakke. Sherifa da ta iso kusa da ita ta ce, "Kai da wa kake magana?"

Indo ta dubi robar da ke hannunta. "Yarinyar nan ce," ta ce, "ta manta da dambunta."